Babban Keke, Mallakar Unguwa

(Kiɗan buɗe shiri)

Ina gaida mutanen Gusau, tun daga Tudun Wada har Sabon Gari, Samaru, Birnin Ruwa da Damba. Ina gaida na Tsafe da 'Yandoto da 'Yankuzo, da na Bunguɗu, Nahuce da Kwatarkwashi. Wanda ke shago, Allah ya kawo kasuwa. Wadda ke tsakar gida da rediyo a gefenta, sannu da aiki.

Yau maganar ɗinki za mu yi, amma ba ta telolin da suka riga suka kafu ba. Akwai wasu mutane a cikinmu da ba kasafai ake tunawa da su ba idan ana zancen ɗinki. Akwai matar auren da ke da keken ƙafa, Butterfly, a kusurwar ɗakinta, tana ɗinka wa 'ya'yanta riguna da hijabin Islamiyya. Akwai ɗalibar Kwalejin Ilimi ta mata da ke nan Gusau, wadda ta iya yanka, tana kuma son ta riƙa ɗinka kayanta da hannunta. Akwai malamin makarantar da ya zauna shagon kawunsa yana yaro, hannun bai manta ba, ranar Asabar yana jin marmarin zama kan keke. Waɗannan ba da ɗinki suke ci ba. Sha'awa ce, da rage kashe kuɗi, wani lokaci kuma ɗan abin sayen sabulu.

Dukkansu wuri ɗaya suke tsayawa. Keken ƙafa yana da iyaka. Ki ninka yadi mai kauri sau huɗu ki sa masa, sai allura ta karye ko zare ya cukurkuɗe a ƙasa. Ba ya yin wibin, ba ya huda gidan maɓalli, balle surfani. To sai a naɗe kayan a aika yaro shagon tela a ce don Allah a yi wa gefen nan wibin. Tela ya karɓa ya ajiye a ƙarƙashin tebur, domin aikin da zai ba shi kuɗi sosai yana gabansa. A dawo gobe. Goben ta zama jibi. Idan kuwa azumi ya raba tsakiya, sai dai bayan Salla.

Ga wanda bai taɓa zama kan babban keke ba, wanda teloli ke kira indastiriyal, bari in kwatanta masa shi. Teburinsa faffaɗa ne, kansa ƙarfe ne mai nauyi, a ƙarƙashi kuma akwai mota mai jan bel. Kan keken yana zaune ne bisa wani kasko mai farin mai, shi yake tsotsa da kansa yana shayar da ƙarafunansa. A samansa akwai 'yar taga mai garai-garai, in keke na gudu za ka ga man yana fantsama a cikinta. In ba ka ga haka ba, ka tsaya, akwai matsala. Daidai gwiwarka ta dama akwai wani ƙarfe, da ka tura shi sai ƙafar keken ta ɗaga, hannayenka biyu suna kan yadi ba ka saki ba. Gudu kuwa, irin Juki ɗin nan na Japan da aka fi sani, allurarsa tana iya hawa da sauka sama da sau 5,000 a minti guda. Kalmasar labulen da za ki yi rabin yini kina takawa, a nan 'yan mintoci ne. Keken wibin shi kuma wuƙa gare shi, yana datse gefen yadi yana naɗe shi da zare uku ko huɗu a lokaci ɗaya, yadda ko an wanke rigar sau nawa ba za ta tsiyaye ba.

Ba wanda zai ga wannan bai yi sha'awa ba. Sai dai kuɗinsa ba na wasa ba ne, kuma tun da Naira ta faɗi a 2023 komai da ake shigowa da shi daga waje ya ƙara tashi. Ko da kuɗin ma, a yi lissafi. Mai ɗinkin sha'awa awa nawa za ta yi a kan keke a mako? Biyu, ko uku. Sauran kwanakin yana lulluɓe da zani, ya cinye rabin ɗaki, ƙurar hunturu tana shiga cikinsa. Ga shi sai da wuta. Abin da take bukata awa biyun nan ce, ba keken ba.

Mu a nan ba baƙin wannan tunani ba ne. Babu gidan da ke sayen injin niƙa don tuwon gidansa kaɗai. Inji ɗaya ne a unguwa, kowa ya kai kwanonsa, ya bi layi, ya biya gwargwadon abin da aka niƙa masa, da kuɗin ake sayen mai a kuma wasa dutse. Abin da nake kira gare shi ke nan a ɗinki: ɗaki ɗaya a unguwa, manyan kekuna biyu ko uku, keken wibin ɗaya, teburin yanka, dutsen guga, mutum ya zo da yadinsa da zarensa, ya biya kuɗin awa, ya zauna ya yi aikinsa da hannunsa.

Wani zai ce ai gwamnati da 'yan siyasa suna raba kekuna. Gaskiya ne. Hukumar samar da ayyukan yi ta ƙasa, NDE, wadda aka kafa a 1986, tana koyar da sana'o'i, kuma kusan duk shekara muna jin an yi bikin yaye ɗalibai an raba kekunan ɗinki. Akwai waɗanda suka tsaya da ƙafafunsu saboda wannan rabo, Allah ya saka wa masu bayarwa. Amma kowa ya san inda wasu kekunan ke ƙarewa: kasuwa, a kan rabin kuɗi, tun ba a yage kwalinsu ba. Ni dai ba na ganin laifin wadda ta sayar. An ba ta keke bayan horon 'yan makonni, ba yadi, ba mai kawo ɗinki, ga yara ba su ci ba. Me ake so ta yi? Da kuɗin kekuna ashirin ɗin nan aka haɗa aka sayi manya huɗu aka kafa su wuri ɗaya, babu mai iya ɗaukarsu ya kai kasuwa, kuma da mutum ɗari sun taɓa su, ba ashirin ba.

An gwada irin wannan a wasu wurare. A shekarar 2020 mataimakin shugaban ƙasa na lokacin, Farfesa Yemi Osinbajo, ya ƙaddamar da wata cibiyar ɗinki ta haɗaka a Ikeja, jihar Legas, inda aka zuba manyan kekuna iri-iri don ƙananan teloli su zo su biya kuɗi kaɗan su yi aiki. A Kano kuma, a zangon mulkin Injiniya Rabi'u Musa Kwankwaso na biyu, tsakanin 2011 da 2015, an kafa cibiyoyin ɗinki don ƙananan hukumomi 44 na jihar, sai dai da yawansu sun yi shekaru a rufe bayan an canza gwamnati. Wannan na Kano ya fi tsaya mini a rai, domin ya nuna cewa sayen keke shi ne mafi sauƙi a cikin lamarin. Mai wuyar shi ne wa ke riƙe da mabuɗi, wa ke sayen mai, wa zai kira makaniki ranar da keke ya fara tsallake ɗinki, kuma daga aljihun wa. Abin da aka jingina ga gwamnati kacokan, ranar da mai kujerar ya tashi, sai ya zama maraya.

Shi ya sa nake cewa a fara daga ƙasa, kuma a fara da kaɗan. Gusau ba ta rasa masu sanin inji ba. Garin nan auduga ce ta ɗaga shi. Layin dogo da ya taso daga Zariya ya ratsa ta nan ya kai Ƙauran Namoda a 1929, auduga da gyaɗa ya zo ɗauka. Aka yi gidan gurzar auduga, daga baya a shekarun 1960 aka kafa Masaƙar Zamfara, wadda ta ciyar da gidaje masu yawa kafin ta durƙushe kamar 'yan uwanta na Kaduna da Kano. Har yau akwai dattawa a cikin garin nan da suka yi ƙuruciyarsu a gaban injinan saƙa. Sun san aikin karɓa-karɓa, sun san ba a miƙa wa na baya inji da datti, sun san ƙarar inji mai lafiya da ta marar lafiya tun daga bakin ƙofa. Idan unguwarku tana da irin wannan dattijo, kun riga kun sami rabin abin da kuke nema. Ku je ku gaishe shi, ku roƙe shi ya zama uban shagon.

(Ɗan gajeren kiɗa)

Masu sauraro, idan yanzu kuka kama mu, muna magana ne a kan yadda mutanen unguwa za su haɗa hannu su mallaki manyan kekunan ɗinki, kowa ya amfana.

Kuɗin farawa, iyayenmu mata sun fi mu sanin hanyarsa, adashi. Bambancin kawai, wannan karon kwasar ba ta mutum ɗaya ba ce, ta shago ce. Mutum ashirin ko talatin su yi zubi na wasu watanni, kwasar farko a sayi keke, ta biyu a sayi na wibin. Kada a raina na hannu. Tsohon keken Japan da makaniki ya duba ya yarda da shi yakan fi wani sabon daɗewa, amma kada a saya sai an je da makanikin, an zauna an ɗinka yadi mai kauri da marar kauri a gaban mai sayarwa. Sannan a yi wa ƙungiyar rajista a ofishin ƙungiyoyin gama-kai, a buɗe asusu da sa hannun mutum uku, a rubuta lambar kowane keke a takarda, a kai wa mai unguwa kwafi. Wannan ba rashin yarda ba ne. Ranar da wani ya rasu ko ya yi ƙaura, takardar ce za ta hana magada cewa keken na babansu ne.

Akwai wata hanya kuma da nake so masu hali su ji. Jiharmu tana da Hukumar Zakka da Waƙafi, kuma a mazhabarmu ta Malikiyya ana iya yin waƙafin abin da ake ɗauka, ba sai gida ko gona ba. Alhaji, in ka sayi keke ka ba mutum ɗaya, ka taimaki gida ɗaya. In ka tsayar da shi waƙafi a shagon unguwa, ba a sayarwa, ba a gado, duk marainiyar da ta koyi ɗinki a kansa kana da rabo. A tuntuɓi malamai su tsara yadda za a rubuta sharuɗɗan.

Sai dai ko da waƙafi ne, kada a ce kyauta za a riƙa hawa. Nan ne yawancin ayyukan alheri ke mutuwa. A sa kuɗin awa, ko yaya ƙanƙantarsa, a raba shi uku: kaso ɗaya na wuta da haya, ɗaya na mai kula da shago, ɗaya kuma a kulle shi don gyara. Wannan na ukun shi ne za a fi kai wa hari. Za a zo da maganar biki, za a zo da maganar rance zuwa ƙarshen wata. Kada a taɓa. Wuƙar wibin tana dakushewa, bel yana tsinkewa, mai yana baƙi a canza shi, kuma duk ba sa sallama kafin su zo. Wadda ba ta da halin biya, ƙungiya ta ware mata awoyi a fili, a rubuta, kowa ya sani, maimakon mai kula ya riƙa ɗaga wa wanda ya ga dama ƙafa.

Wuta. Ba sai na gaya wa mutumin Gusau halin da ake ciki ba, balle na Tsafe ko Bunguɗu. Janareta kuma tun da aka cire tallafin mai a watan Mayun 2023 ya zama abin da ake tunani kafin a tayar. Mu tuna kuma da watan Satumbar 2021, lokacin da aka rufe layukan waya da kasuwannin mako-mako aka kuma hana sayar da fetur a jarka saboda matsalar tsaro. Duk mai sana'ar da ya dogara da janareta ya ji a jikinsa. Don haka tun wurin saye a lura da irin motar da ke jikin keke. Tsohuwar mota, da an kunna ta tana ta juyi tana gurnani ko ana ɗinki ko ba a yi, tana shan wuta a banza. Sabuwar, wadda ake kira sabo ko darek, shiru take sai an taka, ga shi ana iya rage mata gudu saboda mai koyo. Irin wannan ce sola ke iya ɗauka ba wahala. Abin da ke kashe batir a shagon ɗinki ba keke ba ne, dutsen guga ne, domin shi kaɗai yakan ja wat 1,000 ko fiye. A bar guga ga dutsen gawayi, a bar sola ga kekuna da fitila da fanka.

Yanzu ga inda rigima take, layi. Wata goma na shekara ba za a ji kanku ba. Amma daga tsakiyar azumi, da kuma kwanakin da ke gaban babbar Salla, da lokacin komawa makaranta, kowa zai zo a rana ɗaya, kowa da uzurinsa. A nan ne za ka ga telan da nasa keken ya yi masa kaɗan ya aiko yaransa biyu su kama kekunan unguwa tun safe har bayan Asham, wadda aka yi shagon dominta kuma tana tsaye da rigunan 'ya'yanta a leda. Maganin wannan tun watan Rajab ake yinsa, ba ranar ashirin ga azumi ba. A ajiye littafi, kowa ya rubuta sunansa da lokacinsa tun da wuri, kada mutum ya wuce awa biyu a jere in akwai mai jira, wanda ya makara da rabin awa ya koma baya. 'Yan ƙungiya su ne farko, na waje su biyo, kuma kuɗinsu ya ɗara. Ko matar shugaba ce ta bi littafin. Da zarar an tsallake mutum ɗaya don ana jin nauyin wani, littafin ya tashi daga aiki.

A ware wa mata lokacinsu, da mace mai kula. Wannan ba ƙaramin abu ba ne a wurinmu. Maigida da yawa ba zai bar iyalinsa ta je ta zauna cikin samari a shagon bakin titi ba, amma zai bar ta ta je wurin da ya san mata ne zalla, daga hantsi zuwa azahar, a cikin harabar makarantar Islamiyya ko wani gida da aka sani. In da hali ma, shagon matan ya zama daban. Akwai kuma 'yan uwanmu mata da rashin tsaro ya raba da ƙauyukansu suka dawo cikin Gusau da Tsafe da Bunguɗu, wasu da marayu a hannu. A cikinsu akwai waɗanda suka baro kekunansu a can. Hannu yana nan, keken ne babu. Awa biyu a rana a irin wannan shago ba ƙaramin abu ba ne a gare su.

Ga mutanen Tsafe da Bunguɗu, shawarata kada ku ce sai an yi babbar cibiya a Gusau ku riƙa zuwa. Kuɗin mota ya cinye ribar, ga hanya kuma yadda take, ba kowace tafiya ce ta zama dole ba. Keke biyu a cikin garinku sun fi muku ashirin a babban birni. Abin da za ku haɗa kai da Gusau a kansa shi ne makaniki da kayan gyara: ku yi yarjejeniya da mutum ɗaya ya riƙa zagayowa lokaci-lokaci, ku kuma ajiye allurai da bel da kwarkwaro da ƙoshiya na ko-ta-kwana, don kada abu ƙanƙani ya tsayar da shago mako guda. Keken surfani na kwamfuta, wanda ake kira monogiram, wannan kam ku bar shi tukuna. Yana da tsada, yana son wuta tsayayya da mai sarrafa shi na musamman, ba na kowa ya hau ba ne.

Teloli, na san wasunku suna saurare suna cewa wannan mutum yana son ya kashe mana kasuwa. Wadda za ta ɗinka zanin gadonta da kayan makarantar ɗanta, da ma ba ita ke riƙe da shagonka ba, aikinta ne ma kake turawa ƙarƙashin tebur. Shaddar maigidanta da kayan bikin 'yarta wurinka za su zo. Kuma shagon yana bukatarka: kai za ka gwada sabon zuwa, a biya ka.

Domin kuwa ba a barin kowa ya hau babban keke sai an gwada shi, ko da ya shekara ashirin a kan na ƙafa. Wanda ya saba da taka keken gida, da ya ɗora ƙafa sai keken ya fizge yadin, kafin ya farga allura ta shiga yatsa. A fara masa da takarda, ba zare, ya bi layi har ƙafarsa ta san nauyin takun. A nuna masa allurar, domin ta keken gida tana da gefe ɗaya shafaffe, ba ta shiga sai daidai, ta babban keke kuwa zagayayya ce, tana shiga ta kowace fuska, in ka juya ta ba daidai ba keke ya yi ta tsinka zare kana zagin makaniki. A kashe wuta kafin a canza allura ko a zura zare, a kuma jira tsohuwar mota ta gama juyinta, don takan ci gaba da gudu bayan an kashe. Iyayena mata, a tattare bakin hijabi da mayafi a soke, kada ya kusanci bel. A cire fil daga yadi kafin a kai shi wibin, fil ɗaya ya isa ya ɓare wuƙa. Yara ƙanana a shimfiɗa musu tabarma nesa da tebur. In an tashi, a share gashin yadi, a sa ɗan ƙyalle ƙarƙashin ƙafar keke ya tsotse man da ke ɗiga don kada ya ɓata wa na gobe farin yadi, sannan a lulluɓe.

Lokaci ya yi mana halinsa. A mako mai zuwa, in Allah ya kai mu, za mu duba yadda ake gane tsohon keke mai lafiya kafin a biya kuɗi, da abubuwan da mai keke zai iya gyarawa da kansa ba sai ya kira makaniki ba.

(Kiɗan rufe shiri)